Rarar Lambu Amana Ce: Nasiha ga Matasanmu



A 'yan shekarun nan tsadar cefane ta sa da yawa daga cikinku sun waiwayi ƙasa. Wani ya share kangon bayan gida ya ja kunya uku ko huɗu, wata ta cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki ta jera su a gindin katanga, wani kuma mahaifinsa ya yanka masa ɗan fegi a fadama. Wannan abin farin ciki ne, Allah ya yi muku albarka. Amma akwai rabin aikin da ba a cika koya muku ba. An nuna muku raino da dashe da ban ruwa da cirar ciyawa, ba a faɗa muku abin da za ku yi ranar da lambun ya ba ku fiye da abin da tukunyar gidanku za ta iya ɗauka ba.

Ranar nan kuwa tana nan tafe, domin kayan lambu ba sa bin buƙatar mai su. Tumatir da aka dasa rana ɗaya zai nuna kusan lokaci ɗaya. Kuɓewa idan ta fara 'ya'ya, duk bayan kwana biyu sai an tsinka, in an bar ta ta yi tauri ta fita daga sahun miya. Alayyahu yana cika fage cikin mako uku zuwa huɗu, in ba a yanka ba ya yi kai ya tsufa. Sai ka ga yaron da ya yi wata biyu yana jan ruwa da guga safe da yamma yana tsaye a kan kwandon tumatir da ya fara ruwa, ƙudaje sun yanyame shi, daga ƙarshe a kai juji. Bayan wata uku kuma gidan nan ne za a aika da kuɗi mai yawa a sayo 'ya'yan tumatir huɗu ko gwangwani ɗaya. Abin da nake so ku riƙe daga wannan nasiha shi ne: aikin lambu bai ƙare da tsinka ba, sai ka san inda kowane kwando zai tafi, kuma tun kafin ya nuna ake yin wannan shawarar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi abin da ke faruwa a ƙasa baki ɗaya, domin ƙaramin lambunku yana bin tsarin nan ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama cibiyar noman rani. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi ambaliya a kasuwanni irin su Kwanar Gafan da 'Yankaba, manyan motoci suna lodi zuwa Mile 12 a Legas, farashi ya faɗi har wani manomin ya ga kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Da ruwa ya sauka, daga Mayu zuwa Yuli, sai abin ya juya, tumatir ya zama na masu hali. Masu bincike kan harkar noma sukan ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatir da ake nomawa a Najeriya yana lalacewa kafin ya isa tukunya. A 2016 kuma tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A shekarar, gidan da ke da kauɗa, wato busasshen tumatir, a ajiye bai ji jiki kamar wanda ba shi da ita ba. Araha da tsada suna zagayowa kowace shekara. Mai hankali yana ɗaukar arahar Fabrairu ya kai ta Yuli.

Kafin maganar dabara, akwai maganar haƙƙi. A cikin Suratul An'am, aya ta 141, Allah Maɗaukaki ya ambaci gonaki da 'ya'yan itatuwa, ya halatta mana ci idan sun yi 'ya'ya, ya umarce mu da fitar da haƙƙinsu ranar girbi, kuma a cikin ayar nan ɗaya ya hana mu ɓarna. Mun saba ɗaukar almubazzaranci a matsayin laifin masu kuɗi a wurin biki. Amma wanda ya bar kwandon abinci ya ruɓe saboda kasala ko rashin shiri, alhali a unguwarsu akwai gidan da aka yi tuwo ana neman abin kaɗa miya, shi ma ya yi ɓarna. Ruwan da ka ja, takin da ka zuba, ƙarfin da ka kashe, duk ni'ima ce, kuma za a tambaye ka a kanta.

Don haka ƙofar farko da rara za ta bi ita ce ƙofar maƙwabci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abu Zarri da cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa domin ya sam wa maƙwabta. In har ruwan romo ya kai a yi wasiyya a kansa, ina ga ɗanyen alayyahu da ka yanko da safe? Amma kyauta tana da ladabi. Ka bayar da mai kyau, ranar da ka tsinka, ba wanda ya kwana uku ya yi laushi ba. Kada ka mai da gidan mutane wurin zubar da abin da ka rasa yadda za ka yi da shi. Ka wanke, ka zuba a kwano ko faifai mai tsafta, ka kai da kanka ko ka aiki ƙaninka da sallama. Ka fara da tsofaffin da ba su da mai yi musu cefane, da gidan marayu, da matar da mijinta ya yi tafiya, da malamin allo mai ɗawainiyar almajirai. Kada ka tsaya jiran godiya, kada kuma ka ba da labari a majalisa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sau da yawa ma kwanon da ya fita da kuɓewa yakan dawo da ƙuli-ƙuli ko daddawa ko 'yan ƙwai, domin musayar kayan abinci tsakanin gidaje daɗaɗɗiyar al'adarmu ce, kuma tana ƙulla zumuncin da kuɗi ba ya ƙullawa.

Ƙofa ta biyu, wadda zan fi daɗewa a kanta, ita ce shanya. Allah ya ba ƙasarmu rana mai ƙarfi da busasshiyar iskar hunturu, a daidai lokacin da kayan rani suke yin yawa. Abin da ke ruɓar da kayan lambu ruwan da ke cikinsu ne, domin ƙwayoyin cuta da hunhuna ba sa iya yaɗuwa sai da danshi. In ka cire ruwan, ka tsayar da ruɓa. Kakanninku mata sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba, shi ya sa ɗakin tsohuwa ba ya rasa ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da barkono. Ku je ku zauna kusa da su ku koya tun suna raye, sannan ku ƙara da tsaftar da ilimin zamani ya nuna muku muhimmancinta.

Ku fara da tumatir, domin shi ya fi saurin lalacewa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, saboda haka kada ranka ya ɓaci in ka ga babban kwando ya koma ɗan ƙulli. Abincin yana nan, ruwa ne ya tafi. Ka zaɓi nunanne mai ƙwari, irin mai tsoka ya fi mai ruwa daɗin shanya. Wanda ya fashe ko ya fara ruɓa a ware shi, domin rana ba ta mai da ruɓaɓɓe lafiyayye. Ka wanke, ka tsane, ka raba kowanne gida biyu ko huɗu da wuƙa mai tsafta, ka jera wajen yankan yana kallon sama. Ga inda da yawa suke kuskure: shanya a ƙasa, ko a bakin kwalta inda ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki ke sauka a kai. Wannan ne ya sa wasu suke ƙyamar kauɗa, suna cewa tana da ƙasa kuma tana baƙanta miya. Ku kafa ɗan gado da itace huɗu wanda ya kai ƙugu, ku shimfiɗa tabarma ko raga mai tsafta, ku rufe da tsohon gidan sauro da aka wanke domin ƙuda da kaji. Da yamma a shigar da shanyar ɗaki saboda raɓa, da safe a fitar. A lokacin hunturu ko bazara, cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda zai bushe. Alamar ya yi ita ce ka matsa ba ka ji laushin ruwa a tsakiya ba. Kauɗar da aka yi haka ja take fitowa, in aka jiƙa ta da ruwan ɗumi aka markaɗa, mai cin tuwo ba lalle ya gane ba ɗanye ba ne.

Tattasai da attaruhu su ma haka, sai dai a tsaga su domin tsokarsu tana riƙe ruwa, in aka bar su a dunƙule cikinsu yakan yi hunhuna alhali bayansu ya bushe. Ƙananan barkono kuwa a dunƙule ake shanya su. Ku kula da wannan sosai, domin hunhunar da ke kama barkono da gyaɗa da masara tana iya haifar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk wanda kuka buɗe kuka ga baƙi ko kore ko fari-fari a cikinsa, ku zubar, kada ku daka shi cikin yaji don gudun asara.

Kuɓewa a tsinke ta tana ƙarama, wadda in ka karya bakinta zai karye ɗas. A wanke ta tun kafin a yanka, a bari ta tsane, domin in ruwa ya taɓa ta bayan yanka yauƙi zai hana ta bushewa da kyau. A yayyanka siri-siri, a baza kada wani ya hau kan wani. In ta bushe a ajiye ta haka nan, a riƙa daka kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata, ta fi riƙe ƙamshi da yauƙi a kan a dake ta gaba ɗaya.

Ganye yana da nasa hukuncin dabam, kuma nan ne nake so 'yan mata musamman su buɗe kunne. Zogale da rama da yakuwa da lalo da karkashi da alayyahu ba a shanya su a tsakar rana. A inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, kamar rumfa ko zaure ko ɗakin da aka buɗe tagoginsa. Hasken rana kai tsaye yana ƙone koren ganye, yana kuma lalata sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda ido da garkuwar jikin yara ke buƙata. Ganyen da ya bushe yana nan kore shar shi ne ya riƙe amfaninsa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya rasa da yawa. Alayyahu da rama in aka tsoma su cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu aka tsame kafin a baza, sun fi riƙe launi, kuma sun fi saurin laushi ranar dafuwa. Zogale kuwa a zage shi daga kara, a wanke, a baza sama-sama. Wani a ajiye shi ganye domin kwaɗo da dambu, wani a daka a tankaɗe ya zama gari, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunun yaro ko a miya. Gidan da ke da bishiyar zogale biyu, in an iya ajiya, ba zai rasa ganye ba har ƙarshen rani.

Yakuwa ma ku dube ta da kyau ku ga yadda magabata ba su bar komai nata ya tafi banza ba. Ganyen ya shiga fate da miyar taushe, ɓawon furen ya bushe ya zama zoɓo, 'ya'yan kuma a dafa a rufe su zama daddawar batso. Haka lawashin albasa, wanda yara da yawa ke yankewa su watsar, ana daka shi a dunƙula a shanya ya zama gabu mai ƙamshi a miya. Wannan shi ne irin tunanin da nake so ku gada: kafin ka jefar da wani sashe na shuka, ka tambayi wadda ta girme ka ko ana yin wani abu da shi.

Bayan shanya sai ajiya, kuma wahalar mako guda tana iya lalacewa a nan. Kada a zuba kaya a mazubi suna da zafin rana, a bari su huce. A sa su a kwalba ko roba mai murfi da ke rufuwa gam, ko leda mai kauri da aka ɗaure, a ajiye nesa da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙewa da damina, a wuri mai duhu. A rubuta watan da aka yi a jiki, a fara cin tsoho kafin sabo. Lokaci-lokaci, musamman in damina ta yi nisa, a buɗe a duba, in an ji alamar laushi a sake bazawa. Ina kuma gargaɗinku da babbar murya: kada ku kuskura ku zuba maganin ƙwari a cikin abin da za a ci don ya daɗe. Rayuka sun salwanta ta wannan hanya. Bushewa da kyau da murfi mai kyau sun isa. Haka kuma in kun yi feshi a lambu, ku karanta kwanakin da aka rubuta a jikin maganin cewa a jira kafin a tsinka, ku cika su, ko na ci ne ko na kyauta ko na sayarwa.

Akwai kayan da ba sa buƙatar yanka, iya zama kawai suke so. Albasa tana cikinsu. Manoman Aliero a Jihar Kebbi da na Galmi a yankin Tawa ta Nijar, waɗanda albasarsu ta yi suna a Afirka ta Yamma, sun daɗe suna ajiye ta wata da watanni a rudu, inda iska ke shiga ta ƙasa da ta gefe. Abin da za ku ɗauka daga gare su shi ne a daina ban ruwa kwanaki kafin cira, a bari wuyan ganyen ya kwanta, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe ɓawon ya yi ƙara, sannan a baza ta a kan gado ba a tara ta tuli ba, ba kuma a cikin leda ba. Duk mako a duba a cire wadda ta yi laushi kafin ta shafi na kusa da ita. Kabewa kuwa in ta ƙosa aka yanke ta da ɗan guntun karanta, ba a buga ta da ƙasa ba, takan yi watanni a ƙarƙashin gado ko a kan rumfa ba abin da ya same ta.

Ga wanda yake so kayansa su ƙara kwanaki suna ɗanye, ba sai ya jira firiji da wutar da ba ta da tabbas ba. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan magina tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukanmu, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana samun tukunyar ƙasa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan lambu a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan yana ratsa jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, daidai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. A gwajin da ya yi, gauta da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma sun kai kusan mako 3. Sau biyu a rana ake ƙara wa yashin ruwa. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ke a bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa. Ɗan ƙasarku ne ya yi wannan da yumɓu da yashi, duniya ta yaba masa. Ya kamata a ce kowane gida mai lambu yana da ita.

Wasu kuma za su so markaɗe a kwalba. Hanya ce mai kyau, amma ita ce ta fi buƙatar kiyayewa. A wanke tumatir lafiyayye, a markaɗa shi shi kaɗai, a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. A wanke kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe da bai yi tsatsa ba, a tafasa su. A zuba ruwan lemun tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita, a cika kwalbar da markaɗen yana da zafi a bar ɗan fili a sama, a rufe, a jera a tukunya a kan tsumma, ruwa ya shanye kansu, a tafasa kamar minti 45. Dalilin lemun tsamin da dalilin cewa tumatir shi kaɗai abu ɗaya ne: tsami ne ke hana wata ƙwayar cuta mai mugun dafi tsira a cikin rufaffiyar kwalba, albasa da tattasai kuwa ba su da tsamin, in aka haɗa su suna rage na tumatir. Markaɗen da aka haɗa da su na kwana kaɗan ne, ko na firiji mai ƙanƙara. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko warinta ya canza, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Wadda aka buɗe kuma a cinye ta cikin kwana biyu ko uku.

Ƙofa ta uku ita ce kasuwa, kuma ina roƙonku ku cire girman kai a nan. Babu abin kunya ga ɗan makarantar sakandare ko ɗalibar jami'a su kasa tumatir da alayyahu a ƙofar gida, ko su sanar da matan unguwa ta WhatsApp cewa akwai ɗanyen ganye da safe. Abin kunya shi ne roƙo da zaman kashe wando. Mai abincin sayarwa da mai shayi da mai tsire duk suna sayen albasa da tumatir da attaruhu kullum; ka je ka gaishe su ka yi musu tayi. Ka cika mudu, kada ka ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kashi, domin wanda ka cuta sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma albarka za ta fita. In za ka kai kaya nesa, kada ka danna su a dogon kwando na ƙasa ya mutu da nauyin na sama. Akwatin roba mai huda ya fi. Amma riba mafi tsoka tana wurin mai haƙuri: wanda ya shanya da araha ya fitar da tsada. Kauɗa mai tsafta, garin zogale, busasshiyar kuɓewa, yaji da aka haɗa da citta da kanumfari da masoro, in aka ƙulla su da kyau suna da masu nema har a birane. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu, wannan ya kawo raga, wancan ya kafa gado, waccan ta riƙe lissafi a littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawa daga cikin iyayenku mata da irin wannan suka yi adashi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Abin da bai cancanci tukunya ko kyauta ko kasuwa ba, shi ma yana da wurin zuwa. Ganyen kabeji na waje, kan karas, tsohon alayyahu, abincin awaki da zomaye da kaji ne, muddin bai yi hunhuna ba kuma ba a yi masa feshi kwanan nan ba. Wanda ya ruɓe a haƙa rami a gefen lambu, a riƙa zuba shi tare da busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya lokaci-lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki mai laushi, ya rage maka sayen na zamani. Shukar da cuta ko tsutsa ta kama kuwa kada ta shiga ramin, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi nesa da lambu.

Kada ku manta da iri. Daga gindin da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya ake zaɓa, ba daga ragowar da aka rasa mai so ba. A bar kuɓewa ta bushe a jikin uwarta, a bar alayyahu ya yi kai ya ƙosa. Na tumatir a matse shi a kofi ya kwana biyu ko uku, a wanke yauƙin, a shanya a inuwa. A ajiye a kwalba da ɗan toka, a rubuta sunansa. Sai dai ku sani irin kanti da ake kira haibirid ba ya maimaita kansa, in ka shuka 'ya'yansa ba lalle su yi kamar uwar ba. Irin gida shi ake ajiyewa. Don gobe ake wanke tukunya.

Daga ƙarshe, mafi sauƙin rara ita ce wadda aka rage tun a wurin shuka. Maimakon ka watsa irin alayyahu duka rana ɗaya, ka raba fagen, ka shuka wani yau wani bayan mako biyu. Maimakon ka cika lambun da tumatir zalla, ka haɗa da albasa da kabewa masu jure ajiya, da zogale mai ba da ganye duk shekara. Ka zauna da mahaifiyarka ko yayarka ka tambaye ta abin da gidan ke ci a mako, ka shuka da lissafi. Ranar da ka ga fure ya fara fitowa, ranar za ka kafa gadon shanya, ka tanadi kwalabe, ka tuna gidajen da za ka kai wa.

'Ya'yana, yaron da ya iya tattala kwandon tumatir zai iya tattala albashi, zai iya riƙe gida, zai iya riƙe amanar jama'a in an ba shi. Tattali hali ne, kuma a ƙananan abubuwa ake koyonsa. A wannan shekarar ku zaɓi abu ɗaya daga cikin abin da na faɗa, ko kauɗa ce ko garin zogale ko tukunya cikin tukunya, ku yi shi da kyau, ku koya wa ƙannenku. Baɗi ku ƙara wani. Allah ya sa albarka a hannuwanku da lambunanku, ya tsare ku daga ɓarna da rowa, ya ciyar da mu da ku daga halal. Amin.